FILIN MANOMA: Mu Nemi Irin Gado Wurin Masu Shi, Amma Mu Gwada Kafin Mu Zuba

Ga damina ta fara haramar tafiya, gero ya kama hanyar rumbu, masu lambu kuwa sun soma leƙa fadama suna duba inda za su yi renon iri. Yanzu ne kowane mai lambu yakan tambayi kansa, bana wane iri zan zuba, kuma wurin wa zan samo shi? Wannan shi ne zancenmu na wannan mako, gama wanda ya kuskure wajen iri ya riga ya kuskure ranin nan duka. Taki ba ya gyara mugun iri, ban ruwa ma ba ya gyara shi.

Ra'ayina a kan wannan al'amari ba ɓoyayye ba ne. Ina ganin wajibi ne kowane mai lambu ya ware waɗansu fangalai ya zuba irin gado, watau irin da manoma suka daɗe suna ajiyewa da hannunsu, kuma ya saye shi wurin ƙananan masu irin nan da ke ƙauyuka, ba wurin mai tebur na bakin kasuwa ba. Amma fa da sharaɗi, kada ya zuba ƙwaya ɗaya sai ya gwada. Bari in faɗi dalilaina.

ABIN DA YA SAMI WANI MAI LAMBU

Bara waccan wani mai lambu a yankin da nake aiki ya sayi gwangwanin irin tumatir mai tsada. Allah Ya ba shi sa'a, tumatir ya yi kyau ƙwarai, 'ya'ya duk kai ɗaya, ja wur, da tauri, dillalai suna rububinsa. Da ya ga haka sai ya zaɓi manyan 'ya'ya ya matse, ya shanya iri, ya ce bana ya huta da sayen gwangwani. Da rani ya kewayo ya zuba. Abin da ya fito sai ka ce an tattaro shi daga gonaki bakwai. Wani gindi dogo, wani gajere, wani 'ya'yansa ƙanana, wani kuwa ruwa tsululu, ko kwana biyu ba ya yi a kwando. Ya zo wurina ransa a ɓace, yana cewa lalle bakin mutane ne ya kama shi.

Na ce masa, "Baba, ko gwangwanin yana nan?" Ya aika aka ɗauko. Na nuna masa harafin F da lamba 1 a jikinsa, na ce ga bakin da ya kama ka.

Duk irin da aka rubuta wa F1, shi ne muke ce wa iri mai aure. Kamfani yakan ajiye iri biyu dabam dabam, uwa da uba, sa'an nan ma'aikata su bi furannin uwar ɗaya bayan ɗaya da hannu, su cire mata ƙurar furenta, su sa mata ta uban. 'Ya'yan farko na wannan aure sukan fito kai ɗaya, da ƙarfi, da yawan amfani. Wahalar wannan aiki tana cikin abin da ya sa irin yake da tsada. Amma jikoki ba su bin 'ya'ya. Wani malamin coci a ƙasar Turai, Gregor Mendel, shi ya gano haka da gwajin da ya yi a kan wani irin wake, ya buga sakamakon a 1866. Ya ga cewa a zuriya ta biyu, cikin kowane tsiro huɗu ɗaya yakan fito da halin kakan da ya ɓuya. Wannan a hali guda ke nan. To, ina ga tumatir da ya bambanta ta wajen tsawo, da girma, da tauri, da lokacin nuna? Ai dole gona ta zama kasuwar ƙauye.

Saboda haka mai shuka iri mai aure ba shi da iri, aro yake yi. Kowace shekara sai ya koma kanti. Mafi yawan gwangwanayen nan kuwa daga ƙasashen waje ake kawo su, da dala ake biya. Duk mun shaida abin da ya faru da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023: dalar da gwamnati take sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Manomin da ko dala bai taɓa riƙewa ba, sai ga ta ta iske shi har cikin fangalinsa.

MENE NE IRIN GADO?

Irin gado shi ne wanda in ka shuka, ka tsare shi daga gauraya, ka ɗebi 'ya'yansa ka sake shukawa, zai fito kamar uwarsa. Muna da su da yawa, sai dai ba mu ɗauke su a bakin kome ba. Akwai albasar Aliero, da wuyan bijimi, da jar albasar Kano. Akwai tumatir ɗan Zariya da ɗan Baga. Akwai gauta, da yalo, da yakuwa fara da ja, da rama, da alayyafo, da kuɓewa iri iri, ta damina da ta rani, wadda kusan kowace unguwa da tata. Ba wani kamfani da ya ƙago su. Kakanninmu ne suka yi ta zaɓe shekara da shekaru, suna ajiye wanda ya jure zafinmu da ƙasarmu, ya kuma dace da miyarmu.

Wanda yake shakkar darajar wannan aiki, ya dubi Galmi. Gari ne a jihar Tawa ta ƙasar Nijar, a kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa. Albasarsa ta yi suna saboda yajinta da daɗewarta a ajiye, ana lodinta har Ankara da Abijan da Kwatano. Manoman wurin ne suka gina wannan iri da hannunsu. Yau kamfanonin ƙasashen waje suna zuba shi cikin gwangwani da sunan Violet de Galmi, su kawo mana mu saya. Ashe abin da muke rainawa a ƙullin tsumma, shi ne muke girmamawa in ya dawo cikin gwangwani.

Turawa ma da suka fi mu kamfanoni sun farga. A 1975 wani mutum da matarsa, Kent Whealy da Diane, suka kafa ƙungiyar Seed Savers Exchange a Amurka. Abin da suka fara da shi iri biyu ne kacal da kakan matar ya ba su, ɗaya na tumatir, ɗaya na wani fure, waɗanda iyayensa suka zo da su daga Jamus. Yau ƙungiyar tana jihar Iowa, tana riƙe da iri fiye da 20,000. Ban da ita akwai ƙananan masu sayar da irin gado da yawa a can, mutum ya duba littafin kayansu ya aika da kuɗi, a aiko masa ta gidan waya. Har da kuɓewa a cikin abin da suke alfahari da shi, ita kuwa daga Afirka ta je can a zamanin cinikin bayi.

Mu ma muna da ma'ajiyar iri ta hukuma. Cibiyar IITA da aka kafa a Badun a 1967 tana ajiye da wake iri fiye da 15,000. Wannan abin godiya ne. Amma irin da ke cikin ɗakin sanyi a Badun ba ya shiga miyar kowa. Irin da ke raye shi ne wanda ake shukawa kowace shekara, kuma mai riƙe da shi shi ne dattijon nan da ya ware kunya biyu ta albasa don iri, da tsohuwar nan mai ƙullin kuɓewa a cikin tulu. In ba mai saye a wurinsu, 'ya'yansu ba za su ga dalilin ci gaba ba. Ranar da aka binne su, an binne irin ke nan, ba kuwa kuɗin da zai dawo da shi.

ABIN DA MASU SUKA ZA SU CE

Na san waɗansu za su ce, ashe malamin gona da aka koya wa aikin zamani shi ne zai mai da mu baya? Suna da hujja, ba kuwa zan ɓoye ta ba.

Da fari, iri mai aure na kirki yakan fi na gado yawan amfani in ya sami taki da ruwa yadda ya kamata. Na biyu, mai kai tumatir Ikko yana bukatar mai tauri da zai jure kwanaki a mota, tumatirinmu na gida kuwa da yawansa ruwa ne. Na uku, waɗansu masu aure an gina su don jure waɗansu cututtuka, musamman a noman damina. Duk wannan gaskiya ne. Shi ya sa ban ce kowa ya jefar da gwangwani ba. Wanda ya ce maka irin gado ba ya kamuwa da kome, ruɗinka yake yi. Da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta auka wa tumatir a Kano da Kaduna da Katsina a 2016, ba ta tambayi asalin kowa ba, ta cinye mai aure ta cinye na gado.

Abin da nake cewa shi ne, kada mutum ya jingina rayuwarsa duka a kan abin da ba ya iya haifarwa da kansa. Shekarar da gwangwani ya yi tsada, ko ya makara, ko aka sayar maka da jabu, me za ka zuba? Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. In fangalanka goma ne, ba irin gado biyu ko uku. Ga kuma kayan da ba su da wata matsala ta tafiya mai nisa, kamar kuɓewa da yakuwa da alayyafo da gauta, waɗanda matan gida suka fi son na gida don yauƙinsu da ɗanɗanonsu. A nan ban ga dalilin zuwa kanti ba sam.

Suka ta huɗu ita ce mai nauyi. Za a ce ƙaramin mai iri ba shi da hatimi, ba shi da takardar shaida, in ya cuce ka ina za ka kai ƙara? Hukumar Kula da Iri ta Ƙasa, wadda aka sabunta dokarta a 2019, tana sa ido a kan kamfanoni masu rajista, amma ba ta iya bin kowane ƙulli na kowace kasuwa. Ni kaina an taɓa sayar mini da irin albasa da aka rantse mini sabo ne, na zuba, ko kashi ɗaya cikin uku bai tsiro ba. Sunan gargajiya ba ya wanke maƙaryaci. Maganin wannan kuwa ba gudun ƙananan masu iri ba ne, sanin yadda ake saye ne.

YADDA ZA KA YI ODA

Na ɗaya, yi da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai irin kirki kaɗan yake da shi, kuma yana da mutanensa na kowace shekara. Wanda ya bari sai ranar zubi, ragowa zai samu.

Na biyu, san gonar kafin ka san irin. In da hali, je ka ga amfanin tun yana tsaye, gama gani ya kori ji. In wurin da nisa, kamar mutumin Zariya da ke son irin Aliero, nemi wanda ya taɓa shuka na wannan mutum ya ba ka shaida. Yanzu ciniki ya yi sauƙi, ana yi ta waya, a tura kuɗi, a ba direba saƙo a tasha. Wannan sauƙi kuwa shi ne ƙofar cuta. Hoton da aka turo maka a waya ba shaida ba ne. Shekarar farko sayi kaɗan.

Na uku, yi masa tambaya huɗu. Yaushe aka girbe irin? Daga waɗanne gindi aka ɗebe shi? Me aka shuka kusa da shi? A ina aka ajiye shi? Kowace tambaya da dalilinta. Irin albasa ba ya daɗewa, in ya shekara ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, alhali na tumatir yakan kai shekara uku ko huɗu in ya bushe sarai. Irin albasa na ƙwarai kuwa daga kan albasa ake samunsa, watau a zaɓi kawuna masu kyau, a ajiye, a sake dasa su su yi fure. Wanda ya ɗebi iri daga albasar da ta yi saurin fid da kara tun a shekarar farko, ya koya wa zuriyarta yin kara maimakon kai. Batun maƙwabta kuma, ƙudan zuma da ƙudaje su ke ɗaukar ƙurar furen albasa daga gona zuwa gona, shi ya sa ake son tazarar kamar kilomita ɗaya tsakanin jar albasa da fara in don iri ake nomansu. Haka tattasai, in yana jingine da barkono, kada ka yi mamaki in 'ya'yansa sun fito da yaji. Tumatir ne mai sauƙi, gama yawanci furensa shi ke auren kansa. Mai irin da ya amsa waɗannan tambayoyi ba da inda-inda ba, riƙe shi. Wanda ya ce kai dai saya, Allah ne mai yi, to, gaishe shi ka wuce.

Na huɗu, gwada. Ƙirga ƙwaya 100, kada ka zaɓa, ɗebo yadda suka zo. Jera su a kan tsumma mai tsabta da ka jiƙa ka matse, naɗe shi, sa a inuwa, kana yayyafa masa ruwa kada ya bushe. Bayan kwana goma zuwa goma sha huɗu buɗe ka ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun kai 80, iri ya yi. In wajen 60 ne, ƙara yawan abin da za ka zuba, ka kuma nemi ragi. In ba su kai 50 ba, mayar masa da kayansa. Ku yi wannan sharaɗi tun kafin kuɗi ya fita. Wannan gwaji ko kwabo ba ya ci, kuma har irin gwangwani ya kamata a yi wa, gama gwangwanin da ya sha rana a kan tebur ya mutu ko da hatiminsa bai tashi ba.

Na biyar, ka sani waɗansu cututtukan tumatir da tattasai a jikin iri suke tafiya. Ana rage su da jiƙa irin tumatir cikin ruwan ɗumi mai zafin digiri 50 har minti 25, sa'an nan a shanya. Amma wannan sai da ma'aunin zafi, in ruwa ya zarce ya dafa irin. Kada ka yi da ka, zo wurin malamin gona na yankinku ku yi tare.

GARGAƊI GA MA'AIKATA

Akwai akawuna da malamai masu ɗan lambu a bayan gida da suke sha'awar yin odar irin gado daga Turai ko Amurka. Sha'awa ce mai kyau, amma a lura da abu biyu. Na farko, doka ba ta yarda a shigo da iri haka kawai ba, sai da izinin hukumar da ke tsare shigowar tsirrai da dabbobi, da takardar shaidar lafiyar irin daga ƙasar da ya fito. Ba don a wahalshe ku aka yi haka ba. Sharon ɗin nan asalinta Amurka ta Kudu ne, ta ɓulla a Sifen a 2006, kafin shekara goma ta iso fadamunmu. Ƙwaro da cuta ba su neman fasfo.

Na biyu, gadon wani ba gadonka ba ne. Albasar ƙasashen arewacin Turai ba ta yin kai sai yini ya kai awa 14 ko fiye. Mu kuwa nan yininmu bai cika wuce awa 12 da 'yan mintoci ba, ko awa 13 ba ya kaiwa. In ka shuka ta, lawashi za ka yi ta yanka har ka gaji. Manyan tumatirinsu kuma da zafin Maris da Afrilu ya sauka sai su zubar da fure. Abin da ya sa irin gado yake da daraja shi ne ya saba da ƙasarsa. Wanda ya fahimci haka zai fara nema a Aliero da Galmi da ƙauyen kakarsa kafin ya tsallaka teku.

KIRA GA KOWA

Ku manoma, in kun sami iri mai kyau ku riƙe shi da kyau. Babban laifinmu shi ne mu kai na kirki kasuwa, mu ɗebi iri daga ragowar ƙarshe da ruɓaɓɓu. Tun amfani yana tsaye ku ɗaura tsumma a gindin da suka fi lafiya, ba ɗaya ba, da yawa, ku ce waɗannan na iri ne. Na tumatir a matse a roba a bar shi kwana biyu ko uku ya yi tsami, a wanke, a shanya a inuwa. In ya bushe ƙayau a zuba a kwalba da 'yar toka, a toshe, a rubuta sunansa da garinsa da shekara, a ajiye a ɗaki mai sanyi, ba ƙarƙashin kwano ba.

Ku 'yan kasuwa, ku daina gauraya tsohon iri da sabo. Ribar rana ɗaya ce, asarar wani kuwa ta shekara ce, kuma akwai ranar hisabi. Wanda ya riƙa faɗin gaskiyar garin da iri ya fito da shekararsa, zai ga masu saye suna nemansa da kansu.

Ku masu ilimi, ku taimaki dattawan nan masu iri. Ku rubuta musu sunayen abin da suke da shi, ku haɗa su ƙungiya, ku raka su wurin hukuma su nemi rajista, don sana'arsu ta tsaya da ƙafarta. Mu malaman gona kuma mu rage girman kai, mu yarda cewa akwai abin da tsohon da ya yi shekara arba'in yana zaɓen albasa ya sani, wanda ba a koya mana a aji ba.

Mai lambun nan da na ba ku labarinsa, bana ya riga ya sayi gwangwaninsa, ya kuma samo ɗan ƙullin tumatir na gida da na kuɓewa wurin wani dattijo a ƙauyen gaba. Shekaranjiya na wuce ƙofar gidansa na iske shi da jiƙaƙƙen tsumma a hannu, yana ƙirga.

Allah Ya ba mu rani mai albarka, Ya tsare mu da mugun iri, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.

Naku,
Malamin Gona